Alexander Maconochie, mutumin da ya kwance mari a tsibirin azaba

A ranar Litinin 25 ga watan Mayun 1840, an wayi gari a tsibirin Norfolk ƙofofin gidan kaso a buɗe. Fursunoni fiye da dubu, waɗanda gwamnatin Birtaniya ta riga ta yanke ƙauna daga gare su, aka ce su fita su zagaya duk inda suke so a tsibirin, amma su dawo da dare. An ba su sabon nama maimakon mai gishirin da suka saba ci, aka ba kowa ɗan kurɓin barasa don taya Sarauniya Victoria murnar zagayowar ranar haihuwarta, suka yi wasan kwaikwayo, da duhu ya yi aka yi wasan wuta. Da lokaci ya cika, kowa ya koma makwancinsa da ƙafarsa. Babu wanda ya gudu, babu wanda ya ɗaga wa wani hannu.

Da labarin ya isa birnin Sidni, jaridu suka yi ca a kan sabon shugaban tsibirin, Kyaftin Alexander Maconochie, suna zarginsa da mayar da wurin horo gidan biki. Wannan rana ta bi shi har ƙarshen aikinsa. Amma yawancin abin da ake gani yau a gidajen kason duniya, kamar rage wa mai kyakkyawan hali wa'adi, da koyar da sana'a, da sakin talala, yana da tushe a gwajin da mutumin nan ya yi a cikin shekara 4.

Daga jirgin yaƙi zuwa kaso a Faransa

An haifi Maconochie a birnin Edinburgh na Sikotland ranar 11 ga Fabrairun 1787. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 9, sai ya tashi a hannun wani ɗan uwansu, babban alƙali Allan Maconochie. An so ya karanta shari'a, shi kuwa ya zaɓi teku. A 1803 ya shiga rundunar sojan ruwa, a lokacin da Birtaniya ke yaƙi da Faransa ta Napoleon.

A watan Disambar 1811, jirgin da yake aiki a ciki a matsayin laftana, mai suna Grasshopper, ya faɗa cikin guguwa a gaɓar Holan, dole ma'aikatansa suka miƙa wuya. Aka kora su a ƙafa cikin tsananin sanyi zuwa Faransa, aka tsare shi a Verdun sama da shekara 2. Bai fito ba sai a 1814, da mulkin Napoleon ya faɗi.

Hausawa sun ce jiki magayi. Fursunan yaƙi bai san ranar fitarsa ba, kuma babu wani abu da zai yi wanda zai matso da ranar kusa. Maconochie ya ɗanɗani wannan zama, kuma cikin dukkan jami'an da suka shugabanci tsibirin Norfolk a zamanin kaso, shi ne wanda ya taɓa kwana a tsare.

Bayan yaƙi ya koma Sikotland, ya yi aure a 1822, ya yi noma da rubuce-rubuce, sannan ya ƙaura Landan. A 1830 ya zama sakatare na farko na ƙungiyar masana labarin ƙasa ta masarautar Birtaniya, a 1833 kuma ya zama farfesa na farko a wannan fanni a Jami'ar Landan. Har ya kusa shekara 50 babu abin da ya haɗa shi da harkar gidan yari.

Abin da ya gani a Tasmaniya

A 1836 aka naɗa abokinsa Sir John Franklin gwamnan tsibirin Van Diemen, wanda ake kira Tasmaniya a yau, ya ɗauki Maconochie a matsayin sakatarensa. A wancan zamani Birtaniya tana kwashe masu laifi a jiragen ruwa tana zubewa a Ostareliya. Tsakanin 1788 da 1868 an kai mutum kimanin 160,000, da yawansu saboda sata.

Kafin ya tashi, wata ƙungiya mai neman gyaran gidajen yari a Landan ta roƙe shi ya duba yadda ake tafiyar da waɗannan mutane ya aiko mata da bayani. Abin da ya tarar shi ne ana raba fursunoni ga Turawa masu gonaki su yi musu aiki ba lada. Wanda ya dace da ubangida mai tausayi ya huta, wanda ya faɗa hannun mugu ya shiga uku, kuma girman laifin mutum ba shi da alaƙa da rabon da ya samu. Ƙorafi kaɗan daga ubangida ya isa a kai mutum gaban majistare a tsula masa bulala ko a sa masa mari a tura shi fasa dutse.

A rahotonsa, Maconochie ya kwatanta tsarin da bauta, ya kuma nuna cewa yana lalata wanda ake yi wa da wanda yake yi. Rahoton ya isa hannun ministan cikin gida, Lord John Russell, aka buga shi a matsayin takardar majalisa, kwamitin Molesworth mai binciken jigilar fursunoni ya yi amfani da shi. Da masu gonakin Tasmaniya suka ji an kira su masu bayi a gaban duniya, suka fusata. A 1838 Franklin ya sallame shi daga aiki.

Hukunci da maki

A wannan zaman rashin aiki ne ya tsara abin da ya shahara da shi, wato tsarin maki. Tunaninsa ya fara ne daga abu ɗaya da ya lura da shi: idan aka yanke wa mutum shekara 7, babu abin da ya rage masa sai ƙirga kwanaki. Mai ƙwazo da rago rana ɗaya za su fita. Don haka fursuna yakan koyi noƙewa, da yaudarar gandiroba, da jira. Ranar da aka sake shi, ya manta yadda ake ciyar da kai.

Shawarar da ya kawo ita ce alƙali ya yanke hukunci da adadin maki gwargwadon laifi, kamar bashi. Fursuna ya biya bashin da aiki, da karatu, da kyakkyawan hali, ana rubuta masa abin da ya samu kullum. Da makin ne zai sayi abinci mai kyau, ko sutura, ko taba. Idan ya yi laifi a ci shi tara daga makinsa. Wanda ya kashe makinsa a kan daɗi ya tsawaita zamansa, wanda ya yi tattali ya matso da ranar fita. Ta haka mutum zai koyi aiki da tanadi da kame kai, abubuwan da zai buƙata a waje.

Tsarin yana da matakai. A na farko akwai tsanani, domin Maconochie bai taɓa cewa a yafe laifi ba. A mataki na gaba fursunoni su haɗu rukuni-rukuni na mutum 6 waɗanda suka zaɓi juna, makinsu ya zama na tarayya, laifin ɗaya ya shafi saura, don kowa ya zama mai tsaron ɗan uwansa. A mataki na ƙarshe mutum ya samu takardar izini ya yi zaman kansa, ya yi aikinsa, ana sa masa ido, kafin 'yanci cikakke. A ganinsa, ƙulle mutum shekaru sannan a buɗe ƙofa rana ɗaya a ce ya tafi, shi ne hanyar da ta fi saurin dawo da shi.

Gwamnati a Landan ta amince a gwada. Sai dai wurin da aka ba shi shi ne wanda shi da kansa ya nuna bai dace ba.

Tsibirin da ake gwammace mutuwa

Norfolk ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Pasifik, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 35, yana da nisan kilomita kusan 1,400 gabas da Ostareliya. Tun 1825 aka ware shi don waɗanda suka sake yin laifi bayan an kai su Ostareliya, da nufin ya zama hukunci mafi tsanani in ban da kisa. Ana aiki da mari a ƙafa, bulala ɗari ba abin mamaki ba ce. Bayan wani bore a 1834, limamin Katolika William Ullathorne, wanda ya je ya sanar da masu boren hukuncinsu, ya ba da labarin cewa waɗanda aka ce za a rataye sun durƙusa suna gode wa Allah, waɗanda aka bar wa rai kuma suka fashe da kuka.

Maconochie ya sauka tsibirin a watan Maris na 1840 tare da matarsa da 'ya'yansa. Ya tarar da fursunoni iri biyu: tsofaffin hannu da aka yanke wa hukunci sau biyu, da sababbin da aka kawo kai tsaye daga Birtaniya. Umarnin da Gwamna George Gipps ya ba shi daga Sidni shi ne ya gwada tsarinsa a kan sababbin kaɗai. Cikin 'yan kwanaki ya ga ba zai yiwu a ba rabin mutanen ɗan tsibiri fata a hana rabi ba, sai ya shigar da kowa. Wannan saɓa umarni shi ne farkon rikicinsa da manyansa.

Ya sa aka rushe dandamalin rataya da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya rage bulala da mari ƙwarai. Ya gina majami'u biyu, ta Katolika da ta Furotesta, ya ba fursunoni Yahudawa wurin ibada. Ya buɗe makaranta, ya kawo littattafan noma da sana'a da tarihi da labarai, ya sayo kayan kiɗa aka kafa ƙungiyar makaɗa. Ya raba 'yan filaye kowa ya shuka kayan lambu da taba. Ya ɗauki wasu fursunoni aikin kiyaye doka, ya riƙa yin shari'ar laifuffukan cikin gida a bainar jama'a, mai laifi yana da bakin kare kansa. Ya kuma ba da izini a kafa dutse mai suna a kan kabarin fursuna, abin da a da sai 'yantattu. Shi kansa yakan zaga tsibirin ba makami, ba mai gadi, yana tsayawa yana hira da mutane.

Labarin da aka fi ambata daga wannan zamani shi ne na Charles Anderson. Maraya ne da ya shiga sojan ruwa yana yaro, ya samu rauni a ka a wurin yaƙi, daga nan ya zama mai saurin tunzura. Kamar yadda aka ruwaito, a Sidni an yi ta dukansa har aka gaji, daga ƙarshe aka ɗaure shi da sarƙa a jikin wani dutse a tsibirin Goat, ana tura masa abinci da sanda. Ya iso hannun Maconochie yana ɗan shekara 24, amma kamar tsoho. Maconochie ya raba shi da masu tsokanarsa, ya ba shi kiwon wasu bijimai da ba a hore su ba. Dabbobin suka saba da shi, shi ma ya natsu. Daga baya aka ba shi kula da tashar hangen jiragen ruwa a kan Dutsen Pitt, sanye da kayan matuƙa. Raunin kansa bai warke ba, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali, amma shekarun da ya yi a kan wannan dutse ya yi su ba sarƙa.

Inda tsarin ya cije

Babbar matsalar ita ce maki kuɗi ne da gwamnati ba ta yarda ta canza ba. Maconochie ba shi da ikon sakin kowa. Mutum zai tara makin da aka ce masa ya tara, ya zo karɓar 'yancinsa, a ce doka ba ta san da wannan ba. Iyakar abin da ya iya ba sababbin fursunoni shi ne takardar izini mai aiki a cikin tsibirin kaɗai. Da mutane suka gane haka, gwiwar da yawansu ta yi sanyi.

Akwai wasu matsalolin. Atuni ya kashe mutane da dama a cikin sababbin zuwa. Amfanin gona ya ragu, kuɗin tafiyar da tsibirin ya ƙaru. Jami'an da ke ƙarƙashinsa, waɗanda suka saba da mulkin bulala, yawancinsu ba sa tare da shi. A 1842 wasu fursunoni suka yi yunƙurin ƙwace jirgin ruwa mai kawo kaya, aka yi asarar rayuka. Shi ma Maconochie yana da nasa halin: mutum ne mai dogon bayani, mai yawan rubuta wasiƙu, wanda ba ya ɗaukar gyara da sauƙi. Kuma bulala ba ta ɓace gaba ɗaya a zamaninsa ba. Ya koma gare ta a wasu lokuta, musamman a shekarunsa na ƙarshe a tsibirin.

A farkon 1843 Gwamna Gipps ya kai ziyarar ba-zata don ya gani da idonsa. Gani ya kori ji: ya tarar da tsari da kwanciyar hankali, musamman a wajen tsofaffin hannu, waɗanda aka ce ba sa gyaruwa. Ya rubuta rahoto mai sassauci zuwa Landan. Kafin rahoton ya isa, ministan ƙasashen mallaka, Lord Stanley, ya riga ya sa hannu a kan takardar cire Maconochie. Ya bar tsibirin a watan Fabrairun 1844.

Maconochie ya yi lissafin cewa a cikin tsofaffin hannu 920 da aka saki zuwa Sidni a zamaninsa, 20 kaɗai aka sake samu da laifi zuwa 1845. Lissafin nasa ne, kuma masana tarihi na baya-bayan nan suna ɗaukarsa da taka-tsantsan. Abin da ya biyo bayan tafiyarsa kuwa babu gardama a kansa. Wanda ya gaje shi, Manjo Joseph Childs, ya dawo da tsohon tsari, aka karɓe lambuna. Ranar 1 ga Yulin 1846, bayan an kwashe wa fursunoni tukwanen girkinsu, bore ya tashi, aka kashe jami'ai 4, aka rataye mutum 12 a rana ɗaya. Zamanin John Price da ya biyo baya ya shahara da azabtarwa, har gwamnati ta rufe kason tsibirin a 1855.

Tabon Birmingham

Da ya koma Ingila ya ci gaba da fafutuka. A 1846 ya wallafa littafinsa kan laifi da hukunci da tsarin maki, wanda ya yi tasiri sosai. Marubuci Charles Dickens ya ɗauki tsarin ya yi amfani da shi a wani gidan da ya taimaka aka buɗe a Landan don matan da rayuwa ta jefa kan titi.

A 1849 aka naɗa Maconochie shugaban sabon gidan yarin birnin Birmingham. Nan ma doka ba ta ba shi damar rage wa'adi ba, kuma bai jitu da mataimakinsa William Austin ba. Bayan shekara 2 majistarori suka sallame shi, suka ba Austin kujerar. A 1853 wani yaro ɗan shekara 15, Edward Andrews, ya rataye kansa a ɗakinsa bayan an yi ta azabtar da shi saboda ya kasa cika juyin wani injin hannu da ake tilasta wa fursunoni juyawa sau dubbai a rana, aikin da ba ya samar da komai. Hukumar binciken da aka kafa ta ɗora babban laifi a kan Austin, wanda daga baya aka ɗaure wata 3. Amma ta gano cewa tun a zamanin Maconochie an yi amfani da wasu hukunce-hukuncen da doka ba ta amince da su ba. Ta yarda da kyakkyawar niyyarsa, ba ta wanke shi ba. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma ya nuna cewa ikon da ba a sa wa ido a cikin kaso yana iya karkacewa ko a hannun mai tausayi.

Ya rasu a garin Morden, kusa da Landan, ranar 25 ga Oktoban 1860, yana da shekara 73, cikin rashin lafiya da ƙarancin abin hannu, yana ta rubutu kan gyaran gidajen yari har ƙarfinsa ya ƙare.

Abin da ya bari

Tun yana raye wani ya samu abin da shi bai samu ba, wato goyon bayan doka. Walter Crofton, wanda ya karɓi jagorancin gidajen yarin Ailan a 1854, ya gina tsarinsa a kan maki da matakai, ya ƙara da gidajen tsaka-tsaki, irin na Lusk, inda fursunonin da suka kusa fita suke noma a fili ba katanga. Daga Ailan tunanin ya tsallaka Amurka. Taron masana gidajen yari da aka yi a Cincinnati a 1870 ya amince da manufofinsa, gidan gyaran matasa na Elmira da aka buɗe a jihar New York a 1876 kuma ya haɗa maki da karatu da sakin talala.

A Faransa, alƙali Bonneville de Marsangy ya kawo irin wannan shawara ta tasa hanyar a 1846, dokar 14 ga Agustan 1885 kuma ta kafa abin da ake kira libération conditionnelle, wanda ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci suka gada a dokokinsu. A Najeriya, dokar 2019 ta canza sunan hukumar gidajen yari, shi ya sa a yau ake jin gidan gyaran hali a bakin 'yan jarida. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun tanadi cewa a yi amfani da lokacin ɗauri wajen shirya mutum ya koma cikin jama'a ya ciyar da kansa.

Darasin Norfolk ya fi shafar wuraren da doka ta tanadi gyara amma aiki bai bi ba. A gidajen kaso da yawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, babban kaso na mazauna masu jiran shari'a ne, waɗanda ba su san ranar fita ba, kuma babu abin da za su yi da zai matso da ita. Irin zaman da Maconochie ya yi a Verdun ke nan, wanda ya shafe sauran rayuwarsa yana neman a raba mutane da shi.

A 2008 aka buɗe sabon gidan yari a Kanbera, babban birnin Ostareliya, wanda aka tsara bisa dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta yankin. Sunan da aka sa masa shi ne Cibiyar Alexander Maconochie, shekara 164 bayan an cire shi daga tsibirin Norfolk.